Masu Bin Sawun Cuta a Ƙasar Jodan: Daga Asibitin Zarƙa Zuwa Bikin Irbid

A watan Afrilun 2012 wani ciwon huhu mai tsanani ya ɓulla a asibitin gwamnati na Zarƙa, garin masana'antu da ke arewa maso gabashin Amman, babban birnin ƙasar Jodan, wadda ɗalibanmu na Larabci suka fi sani da Urdun. Mutum 13 ciwon ya kwantar. Abin da ya ɗaga hankalin hukuma shi ne goma daga cikinsu ma'aikatan asibitin ne da kansu, mafi yawansu nas-nas. Biyu suka rasu: wani ɗalibi ɗan shekara 25, da wata nas 'yar shekara 40 mai aiki a ɗakin da ake kula da waɗanda ciwo ya yi wa tsanani.

Ma'aikatar lafiya ta tura jami'anta, ta kuma nemi gudummawar Hukumar Lafiya ta Duniya. Aka ɗebi jini da majinar marasa lafiyan, masanan wani ɗakin bincike na sojojin ruwan Amurka da ke Alƙahira suka gwada su. Aka nemi duk ƙwayoyin cutar numfashi da aka sani a lokacin, ba a samu ko ɗaya ba. Bayan 'yan makonni ciwon ya lafa, sauran suka warke. Ba wanda ya iya faɗin abin da ya yi ajalin mutanen nan biyu.

A wurare da yawa, har da namu, nan labarin zai tsaya. A yi ta'aziyya, a ce sanyi ne ya shige su, takardu su ɓace a cikin kabad. A Jodan bayanan marasa lafiyan sun zauna a rubuce, sauran samfuran da aka ɗiba kuma aka adana su, alhali ba wanda ya san ranar da za su yi amfani.

Wata biyu bayan haka, a Jidda, wani dattijo ɗan shekara 60 ya rasu bayan huhunsa da ƙodarsa sun gaza. Wani masanin ƙwayoyin cuta ɗan Masar mai aiki a asibitin, Dokta Ali Muhammad Zaki, ya tsamo wata ƙwaya daga majinarsa, ya aika da ita wani ɗakin bincike a birnin Rotterdam na ƙasar Holan, aka tabbatar sabuwa ce daga dangin korona. A watan Satumba ya sanar da duniya. Da labari ya isa Amman sai aka tuna da samfuran Zarƙa. A watan Oktoba aka aika da su Alƙahira, a Nuwamba sakamako ya dawo: ɗalibin nan da nas ɗin nan wannan sabuwar ƙwaya ce ta kama su. Ita ce cutar da a 2013 aka raɗa wa suna MERS, wato ciwon numfashi na Gabas ta Tsakiya. Ashe tun kafin mutumin Jidda ya kwanta ta riga ta yi ɓarna a Zarƙa, kuma ɓullar Zarƙa ce ta farko da aka iya tabbatarwa a tsakanin 'yan Adam.

Wane irin aiki ne wannan?

Likitan da muka saba da shi mutum ɗaya yake dubawa: ina ke maka ciwo, tun yaushe, ga magani. Akwai kuma wani ma'aikacin lafiya wanda majinyacinsa gari ne guda, ko unguwa, ko asibiti da duk waɗanda ke cikinsa. Tambayoyinsa uku ne, su wa suka kamu, a ina, kuma yaushe. Ilimin nasa shi ake kira epidemiyoloji. Mu dai a nan za mu kira masu shi masu bin sawun cuta, domin aikinsu ya yi kama da na mai bin sawun dabbar da ta ɓata: bai ga wucewarta ba, amma ƙasa ta riƙe masa alama.

Abu na farko da yake yi idan ya isa wuri shi ne yanke shawarar wa za a ƙirga. Zai rubuta, misali, duk wanda ya yi zazzaɓi da tari da sarƙewar numfashi, a asibiti kaza, daga rana kaza zuwa rana kaza. Wannan kamar ƙaramin abu ne, amma a kansa komai ya dogara. Idan ya buɗe ƙofa da yawa, kowane mai mura zai shiga lissafi ya ɓata shi. Idan ya ƙuntata ta, masu cutar na gaske za su zille. Daga nan sai ya buɗe jadawali, kowane marar lafiya layi ɗaya: shekarunsa, aikinsa, inda yake kwana, ranar da ya fara jin jiki, wanda ya yi jinya ko ya zauna da shi.

Ranar fara ciwo ita ce zinariyar jadawalin. Idan aka jera ranakun aka ga kowa ya faɗi a cikin kwana ɗaya ko biyu, to tukunya ɗaya suka ci ko rijiya ɗaya suka sha. Idan kuwa mutum ɗaya ne ya fara, bayan kamar mako guda wasu uku suka biyo, bayan wani makon wasu kuma, to cutar daga mutum zuwa mutum take tafiya, kuma tazarar ranakun na nuna tsawon lokacin da take ɓoyewa a jiki kafin ta bayyana.

Sai kuma abin da ya fi ba mutane mamaki: mai bin sawu yana ɓata lokaci mai yawa yana tambayar masu lafiya. A ce an yi walima mutane suka kwana gudawa. Idan ka tambayi marasa lafiyan kaɗai, kowa zai ce ya ci shinkafa, sai ka kama shinkafa da laifi. To amma waɗanda suka tashi garau su ma sun ci shinkafar. Sai ka gwama ɓangarorin biyu kafin ka ga cewa zoɓo ne ko nama ne ya raba su. Haka nan ba ya karɓar adadi tsirara. Idan aka ce masa mutum goma sun kamu, sai ya ce goma cikin nawa?

Wannan sana'a ba a aji kaɗai ake koyon ta ba. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ce ta fara horar da irin waɗannan jami'ai a 1951, ƙasar Tailan ta kafa nata shirin a 1980, Jodan kuma a 1998. Shirin na shekara biyu ne, a cikin ma'aikatar lafiya yake, kuma mafi yawan lokacin ɗalibi a bakin aiki yake ƙarewa, yana binciken ɓullar cuta ta gaske a ƙarƙashin wanda ya riga shi. A 2009 aka kafa wata ƙungiya mai suna EMPHNET, hedkwatarta a Amman, wadda ke haɗa irin waɗannan shirye-shirye na ƙasashen yankin, irin su Masar da Iraƙi da Yaman da Sudan. Afirka ma tana da tata, AFENET, mai mazauni a Kampala, kuma Ghana da Najeriya da Kamaru duk suna da irin wannan horo.

Komawa Zarƙa

A watan Mayun 2013, shekara guda da wucewar ciwon, jami'an ma'aikatar lafiya ta Jodan da abokan aikinsu suka koma. Ƙwayar cutar ta daɗe da barin jikin waɗanda suka warke, amma garkuwar jiki tana barin tabo a cikin jini, kuma a lokacin an riga an ƙirƙiro awon da zai gano wannan tabo. Suka ɗebi jinin mutum 124, waɗanda suka yi ciwon da iyalansu da abokan aikinsu, suka samu mutum bakwai da ke ɗauke da alamar. Da biyun da suka rasu, waɗanda aka tabbatar sun zama tara.

Abin da ya fi ɗaukar hankalinmu a binciken shi ne wannan. An mayar da wasu daga marasa lafiyan zuwa wasu asibitoci biyu, inda ake kiyaye ƙa'idojin kariya yadda ya kamata, wato ware marar lafiya, sa takunkumi da safar hannu, da wanke hannu tsakanin majinyaci da majinyaci. A waɗannan asibitoci biyu ba a ga alamar cutar ta kama kowa ba. Ƙwaya ɗaya ce, marasa lafiyan su ne dai, amma wuri ɗaya ta yaɗu, wuri biyu ta tsaya cik. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Duniya ta sake ganin haka a 2015, lokacin da matafiyi ɗaya ya koma Koriya ta Kudu da cutar, ta bi asibitoci ta kama mutum 186, ta kashe 38.

A wannan shekara ta 2013 ɗin aka gwada jinin dabbobi a yankin Zarƙa. Raƙuman da aka gwada duk suna da alamar, shanu da awaki kuwa babu. Bincike a wasu ƙasashe ya tabbatar raƙumi ne mazaunin ƙwayar, yana ɗauke da ita da ɗan majina kawai ko ma ba alama. Nan ne labarin ya taɓo mu kai tsaye, domin an samu alamar ƙwayar a jinin raƙuman da ake yankawa a mahautar Kano, kuma mun san raƙuman nan daga ƙasashenmu na Sahel ake koro su. Shi ya sa ake jan kunnen alhazai da masu Umara su guji shan ɗanyen nonon raƙumi da shafa raƙuma, musamman tsofaffi da masu ciwon sukari ko na ƙoda. Daga 2012 zuwa yau an tabbatar da cutar a jikin mutum kimanin 2,600 a ƙasashe 27, mafi yawa a Saudiyya, kuma wajen ɗaya cikin uku sun rasu.

Ƙasar da ta san annoba tun zamanin sahabbai

Mai karatu da ya yi tarihin Musulunci ya san wannan ƙasa ba baƙuwar annoba ba ce. A wajen shekara ta 18 bayan Hijira, wato 639 Miladiyya, annobar Amwas ta auka wa rundunar Musulmi a Sham. Halifa Umar (RA) yana kan hanyarsa ta zuwa can ya isa Sarg, wurin da masana da dama ke cewa yana wajen Mudawwara ta yau a kudancin Jodan, sai labari ya same shi. Ya yi shawara da Muhajirai da Ansaru, ra'ayi ya rabu, ya yanke a koma. Sannan Abdurrahman bin Auf (RA) ya zo ya sanar da su umarnin da ya ji daga Manzon Allah (SAW), na hana shiga garin da annoba ta sauka da hana waɗanda ke ciki fita don gudun ta. Abu Ubaida bin Jarrah da Mu'azu bin Jabal da Shurahbil bin Hasana (Allah Ya ƙara musu yarda) duk a wannan annoba suka rasu, kuma a kwarin kogin Jodan ake ziyartar ƙaburburan da aka jingina musu. Malaman tarihi sun kawo cewa da Amru bin As (RA) ya karɓi jagoranci ya umarci mutane su warwatsu cikin duwatsu, daga nan annobar ta yi sauƙi.

Bayan ƙarni goma sha huɗu, a ranar 2 ga Maris 2020, aka tabbatar da mutum na farko mai korona a Jodan. Ranar 13 ga watan aka yi wani bikin aure a Irbid, babban birnin arewacin ƙasar, a cikin rufaffen zaure, na kimanin awa biyu, mahalarta wajen 360. Wani daga dangin amarya ya taso daga Sifaniya 'yan kwanaki kafin bikin, ya kuma fara jin jiki tun kafin ranar. Biki ne irin na Larabawa, da runguma da sumbatar kumatu da rawa kafaɗa da kafaɗa. Bayan kwana biyu aka gwada shi aka samu yana da cutar.

Masu bin sawu suka shiga neman duk wanda ya halarta. Ku duba girman wannan aiki: ba rajista ake yi a ƙofar biki ba, sai dai a tambayi wannan wa ka gani, a tambayi wancan da wa ka zauna, ga kunya, ga tsoron a ce gidan wane ne suka kawo cuta gari. Duk da haka suka samu mutum 350 suka gwada, 76 suka fito da cutar, sai wasu tara da ba su je ba amma suka ɗauka daga waɗanda suka je. Jimilla 85, daga zama ɗaya. Kusan rabin waɗanda suka kamu a wurin bikin ba su da wata alama ranar da aka gwada su, ba tari ba zazzaɓi. Da a ce sai wanda ya kawo kansa asibiti ake ƙirgawa, da waɗannan sun ci gaba da zuwa kasuwa da masallaci suna raba ta. Likitocin jami'ar kimiyya da fasaha ta Jodan suka wallafa binciken, ya zama ɗaya daga hujjojin farko da suka nuna yadda taro ɗaya ke kunna wutar korona.

Gwamnati ta ɗauki mataki mai tsauri ƙwarai. Ranar 21 ga Maris aka busa jiniya aka kafa dokar hana fita a faɗin ƙasar, a kwanakin farko ko kanti ba a buɗewa, har sai da aka riƙa raba burodi a motocin bas. Aka killace Irbid, aka rufe masallatai har zuwa farkon watan Yuni. Zuwa ƙarshen Yuli waɗanda suka rasu a ƙasar baki ɗaya ba su kai ashirin ba, duniya tana ta yaba wa Jodan. Amma daga Satumba cutar ta ɓalle, a Nuwamba dubbai ake samu kowace rana. A ganinmu darasin a fili yake. Bin sawu yana aiki ne muddin sawun bai yi yawa ba. Idan garke guda ya bi ta hanya, ba mai iya ware sawun akuya ɗaya. Abin da yake saya wa hukuma lokaci ne, kuma lokacin na tanadin gadaje da ma'aikata da iska ne. Ranar 13 ga Maris 2021, shekara guda cif da bikin Irbid, iskar oksijin ta ƙare a asibitin gwamnati na garin Salt, aƙalla mutum bakwai suka rasu. Sarki Abdullahi na Biyu ya je asibitin da kansa, ministan lafiya ya rasa kujerarsa a ranar. Zuwa ƙarshen annobar Jodan ta rasa mutum kimanin 14,000.

Ruwa sau ɗaya a mako

Jodan na cikin ƙasashen da suka fi ko'ina ƙarancin ruwa a duniya. Idan aka raba ruwan da ke sabuntuwa kowace shekara ga mutanen ƙasar, har da na noma da na masana'antu, rabon mutum ɗaya bai kai lita 100,000 ba, alhali ma'aunin duniya na cewa duk ƙasar da ta gaza lita 500,000 tana cikin matsanancin ƙaranci. A Amman galibin unguwanni sau ɗaya a mako ake sako musu ruwa, kowane gida da tankinsa a kan rufi. An shimfiɗo bututu mai tsawon fiye da kilomita 300 daga Disi da ke kudu, aka buɗe shi a 2013, ya rage wahala amma bai kawar da ita ba.

Ga inda wannan ya shafi lafiya, kuma masu zama a garuruwan da famfo ke zuwa yana ɗaukewa su saurara. Bututun da ke cike da ruwa kullum, ko ya tsage, waje yake feso ruwa. Wanda kuwa ya kwana shida a bushe, ta wannan tsagar yake zuƙo abin da ke kewaye da shi, kuma idan akwai masai ko kwata a kusa, ranar da aka sako ruwa da shi za a kai gidaje. Ga kuma tankin da ba a wankewa. A watan Yulin 2007 ɗaruruwan mutane suka kwanta da gudawa da zazzaɓi a ƙauyen Manshiyyat Bani Hasan da ke lardin Mafraƙ. Bincike ya kai ga ruwan sha, aka samu wata ƙwayar hanji wadda sinadarin kulorin da ake zubawa a ruwa ba ya kashe ta da sauƙi. Ministan lafiya da na ruwa duka suka ajiye muƙamansu.

Abinci ma haka. A Yulin 2020, ana tsananin zafi, mutum fiye da 800 suka kwanta a yankin Ainul Basha kusa da Amman bayan sun ci shawarmar da aka karya wa farashi, wani yaro ɗan shekara biyar ya rasu. Naman ne ba a ajiye shi cikin sanyi yadda ya kamata ba. Irin wannan ɓulla ba ta wahalar da mai bin sawu, domin kowa ya faɗi a dare ɗaya kuma kowa ya ambaci shago ɗaya.

Baƙin da ba a san adadinsu a unguwa ba

Ƙidayar 2015 ta samu mutum miliyan 9.5 a Jodan, daga ciki wajen miliyan 1.3 'yan Siriya ne. Kafin su akwai Falasɗinawa fiye da miliyan biyu da ke da rajistar gudun hijira, ga kuma 'yan Iraƙi. Sansanin Za'atari da aka buɗe a Yulin 2012 kusa da Mafraƙ ya cika ya batse cikin shekara guda, daga baya ya tsaya a kan mutum wajen 80,000, aka ƙara na Azraƙ a 2014. Mutanen nan sun baro ƙasar da yaƙi ya wargaza allurar rigakafinta. A 2013 ƙyanda ta ɓulla a Jodan, a watan Oktoban shekarar kuma aka tabbatar shan inna ya dawo gabashin Siriya. Aka yi gangamin rigakafi a sansanoni da faɗin ƙasa, ga ɗan ƙasa da baƙo ba bambanci, aka riƙa yi wa yara allura tun daga wurin karɓar masu shigowa. Shan inna bai samu shiga ba. Haka kwalara da ta ɓarke a Siriya da Labanan a 2022 ba ta zama annoba a Jodan ba.

Abin mamaki, sansani ya fi sauƙin sa ido. An san yawan mutanen ciki, asibitocinsa ƙidayayyu ne, kowane mako suna ba da rahoton gudawa nawa, ƙuraje nawa, shawara nawa. Wahalar tana cikin gari, inda wajen huɗu cikin biyar na 'yan Siriyan suka zauna a gidajen haya. Har zuwa ƙarshen 2014 kyauta ake duba masu rajista a asibitocin gwamnati, sannan aka sa kuɗi, a 2018 aka ƙara shi sosai, a 2019 aka sake saukar da shi. Duk lokacin da kuɗi ya hau, wasu sukan haƙura da asibiti su sayi magani a kemis. Wanda bai zo asibiti ba kuwa bai shiga jadawalin kowa ba, sai rahoto ya nuna cuta ta ragu alhali masu zuwa ne suka ragu. Mai bin sawun da ya san aikinsa ba ya murna da saukar adadi sai ya tambayi dalilinta. A Janairun 2021 Jodan ta kasance cikin ƙasashen farko da suka fara yi wa 'yan gudun hijira rigakafin korona tare da 'yan ƙasa.

Abin da lissafin mamata ya nuna

Duk abubuwan da muka ambata su ne ke shiga labarai. Amma idan aka zauna aka ƙirga abin da ke kai mutanen Jodan kabari, annoba ba ta kusa da sahun gaba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi 78 cikin 100 na mace-macen ƙasar daga cututtukan da ba a ɗauka ne: ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki, ciwon daji, ciwon sukari, da ciwon huhu mai daɗewa. Masu bin sawun Jodan sun waiwayi wannan da wuri. A 2002 da 2004 da 2007 suka bi gida-gida suna tambayar manya abin da suke ci da sha da yawan motsa jikinsu, a wasu zagayen har da awon jini da nauyi. Da yawa daga waɗanda awo ya nuna suna da sukari ko hawan jini ba su taɓa sanin suna da shi ba. Wani binciken na masanan ƙasar ya nuna ciwon sukari a tsakanin 'yan shekara 25 zuwa sama ya tashi daga kashi 13 cikin 100 a 1994 zuwa kashi 17 a 2004.

Sai taba. Binciken da ma'aikatar lafiya ta yi tare da Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 ya samu kashi 66 cikin 100 na maza manya suna shan sigari ko shisha, wadda a can suke kira argila. Da aka haɗa da masu zuƙar sigarin lantarki, adadin ya haura takwas cikin kowane goma, wanda ya sa Jodan a sahun farko a duniya. Dokar lafiya ta 2008 ta hana shan taba a wuraren jama'a, amma dokar da mai aiwatar da ita ke riƙe da kara a hannu ba ta da haƙori. Mun tsaya a nan ne domin shishar nan ta iso garuruwanmu, matasa na ɗaukar ta abin ƙamshi marar illa saboda hayaƙin ya ratsa ruwa. Ruwan sanyaya hayaƙin kawai yake yi, gubar tana nan, ga ta gawayi a kai. MERS ta kashe mutum biyu a Zarƙa duniya ta girgiza, taba kuwa tana kashe dubbai a Jodan kowace shekara, ɗaya bayan ɗaya, kowa a gadonsa, ba jiniya.

Akwai inda ƙidaya ta canza ɗabi'a. Auren zumunci ya yi yawa a ƙasar, tare da shi kuma wata cutar jini ta gado mai suna talasimiya, 'yar'uwar sikila da muka sani. Tun 2004 doka ta wajabta gwajin jini kafin ɗaurin aure. Binciken iyali na ƙasa ya nuna auren dangi ya sauko daga kashi 56 cikin 100 a 1990 zuwa wajen kashi 28 a 2018, ko da yake karatun mata da zaman birni su ma suna da hannu a wannan sauyi.

A watan Satumban 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana Jodan a matsayin ƙasa ta farko a duniya da aka tabbatar ta kawar da kuturta, cutar da har yanzu ake samun sababbin masu ita wajen 200,000 kowace shekara a ƙasashe fiye da 120. Fiye da shekara ashirin ba a samu wanda ya kamu da ita a cikin ƙasar ba. Faɗin haka da baki bai wadatar ba, sai da hukumar ta turo masana masu zaman kansu suka tantance, domin rashin samun mai cuta na iya nufin babu ita, yana kuma iya nufin ba wanda ke nema. Kuturta na cikin cututtukan da dokar Jodan ta wajabta wa likita ya kai rahotonsu, kuma sanarwar ta zo da jan hankali cewa a ci gaba da sa ido, a gano duk wanda ya shigo da ita daga waje a yi masa magani ba tare da tsangwama ba.